Bishiyar Shawara: In Yaro Ya Yi Zazzaɓi

Maigida da uwargida, ku saurara. Da damina zazzaɓi yakan yawaita a ƙasar Daura, tun daga Baure har Mai'aduwa, domin sauro yana hayayyafa a kududdufai. Yaro ya kwana jiki zafi, ga noma yana jira, ga asibiti da nisa. Ba mai iya gane irin ciwon da ido. A tafi ne, ko a dakata? To, ga dabara.

Ku zana bishiya a ƙasa. Gindinta shi ne zazzaɓin. Kowace tambaya tana da reshe biyu, na "i" da na "a'a". Ku bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya ta 1. Akwai alamar hatsari? Alamun su ne: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amayar da duk abin da ya ci, barcin da aka kasa tashe shi, da sanƙarewar wuya. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, zazzaɓin kansa hatsari ne. In "i" ce, reshen nan ya ƙare: a tafi asibiti yanzu, ko da tsakar dare ne. In "a'a" ce, sai tambaya ta gaba.

Tambaya ta 2. Yana numfashi da sauri? Ku ƙidaya na minti ɗaya yana kwance shiru. In ya kai 50 ga mai wata 2 zuwa 11, ko 40 ga mai shekara 1 zuwa 5, mai yiwuwa ciwon huhu ne. A kai shi yau. In "a'a" ce, a ba shi nono da ruwa, a rage masa tufa, a kai shi ɗakin shan magani kafin kwana ya zagayo, a gwada jini.

Tambaya ta 3. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro? In "i" ce, a sha maganin kwana 3 cif, ko da yaro ya tashi wasa. In "a'a" ce, kada a ba shi maganin nan, malamin asibiti zai nemi wani dalili. In zazzaɓin bai sauka ba cikin kwana 3, a koma.

In kuna shakka, ku auna ƙarshen kowane reshe. Wanda ya tafi Babban Asibitin Daura ya tarar ciwon ƙarami ne, ya yi asarar kuɗin mota da noman yini ɗaya. Wanda ya zauna, ashe ciwon babba ne, yana iya rasa ɗansa. Asarar farko ana mai da ita. Ta biyu ba a mai da ita.

Saboda haka ku shirya tun kafin ciwo ya zo. Ku ware kuɗin tafiya, ku san mai babur ɗin da za a tasa da dare. Maigida kuma ya ba uwargida izinin fita da yaro in ba ya nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.