HASKEN ƊAKI DA HUNTURU
Darasi don Hakimai da Malamansu

1. Abin da a ke gani

Da zarar hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mutanen Liba da sauran garuruwan Jega da Aliero da Maiyama su kan toshe tagoginsu da tsummoki, su saki asabari a ƙofa dare da rana don gudun ɗari da ƙura. Sai ɗaki ya yi duhu da rana tsaka, har malami ya kasa karanta takarda in ba da fitila ba. Wannan duhu ba laifin rana ba ne, gama gajartar yini a wannan ƙasa ba ta wuce kamar sa'a ɗaya da rabi ba. Hazo ya kan rage haske kaɗan, sauran kuwa mai ɗaki ne ya hana kansa.

2. Haɗarinsa

Ɗakin da iska ba ta ratsa shi, mutane kuma suka cunkushe ciki, nan ne sanƙarau da tarin fuka su ke saurin yaɗuwa. Sanƙarau kuwa da rani ya ke tashi. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2025 ma ya ɓulla a Aliero da Gwandu da Jega. Banda wannan, kaskon garwashi a rufaffen ɗaki ya kan fid da wata iska mai dafi, marar wari, wadda ke kashe mai barci.

3. Hanyar iska da hanyar rana

Dabarar ita ce a san ta inda kowacce ke zuwa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke hurowa, watau daga Hamada. Rana kuwa a watannin nan ta kan karkata kudu. Mai son tabbatarwa ya tsaya a fili da tsakar rana cikin Disamba, zai ga inuwarsa ta faɗi arewa, ta kai kamar kashi 7 cikin 10 na tsawonsa. Ashe ƙura da haske ba ƙofa ɗaya su ke bi ba. Wanda ya fuskanci alƙibla, kudu tana damansa, arewa tana hagunsa.

4. Yadda za a yi

(a) Tagar arewa da ta gabas, a sakar musu asabari in iska ta taso. Asabari ya fi tsumma, don yana rage ƙura, iska kuwa tana ɗan ratsa shi.

(b) Tagar kudu, a naɗe asabarinta tun daga hantsi har la'asar. Ta yamma kuma a buɗe ta bayan azahar.

(c) Inda taga ke da gilasai jere, a karkata su, kada a rufe ruf, a riƙa goge su kullum, gama ƙura na dushe haske.

(d) A shafe bangon ciki da farar ƙasa, domin farin bango yana mai da haske, baƙi kuwa shanye shi ya ke yi.

(e) Da dare a bar kafar iska ko da ɗaya, a fid da kasko waje kafin a kwanta.

5. Aikin Hakimi

Gyara daga gida ya ke farawa. Lalle Hakimi ya fara da ofishinsa da zaurensa, don talakawa abin da suka gani su ke koyi da shi. In ya fita rangadi, ya bayyana wa dagatai da masu unguwanni wannan darasi, ya kuma shawarci magina su riƙa fid da taga ta kudu a sabon gini. Malami ya rubuta makarantu da ɗakunan taro waɗanda ba su da isassun tagogi, ya miƙa wa duba-gari. In an ji wani da zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, a kai shi asibiti nan da nan, a kuma sanar da hukumar lafiya a ranar.