Yadda A Ke Wasa Magogin Katako

Yanzu da aka gama girbi, amfani ya shiga rumbu, lokacin gyaran kayan aiki ya yi. Manomi mai shanun noma ya san ba ya rabuwa da aikin katako. Yau karkiya ta tsage, gobe hannun garma ya karye, jibi kuma katakon amalanke ko ƙofar rumbu na son canji. Ba kowane ƙauye ne ke da kafinta ba. Saboda haka manoma da yawa su kan sayi magogin katako su ajiye, watau abin nan mai ƙarfe a ciki da a ke turawa bisa katako ya feɗe shi ya yi sumul.

Sau da yawa wanda ya saya ya kan yi aiki da shi wata ɗaya ko biyu, sa'an nan ya jefa shi bayan ɗaki, ya ce an cuce shi. Alhali kuwa magogin lafiyarsa lau, washi ya ke so. Abin ba ƙarami ba ne, gama karkiyar da aka bari da kaushi ita ke cin wuyan sa. San da ya yi gyambo a wuya a farkon damina kuwa tilas a kwance shi ya huta, huɗa ta tsaya, maƙwabta su riga mai shi shuka.

SANIN KAYAN

Magogi iri biyu ne, akwai na itace, akwai na ƙarfe. Fasalin na ƙarfen da ya cika kasuwa wani mutumin Amurka ne ya ƙago shi, sunansa Leonard Bailey. Kamfanin Stanley ya sayi fasahar tasa a 1869, daga nan ta watsu cikin duniya. A 1931 aka fara ƙera irinsa a Shafil ta Ingila da sunan Record. Mai lamba 4 tsawonsa wajen inci 9 ne, na ƙarasa aiki ne. Mai lamba 5 inci 14 ne, shi ya fi dacewa da manomi, domin ya kan yi kowane aiki. Faɗin ƙarfen kowannensu inci 2 ne.

In aka ɗaga mamatsin da ke sama za a tarar da ƙarafa biyu haɗe da ƙusa mai murɗi. Na ƙasa shi ne mai yanka. Na bisa murfi ne, aikinsa karya ɓawon katako da zarar ya taso. Ƙarfen yankan yana da fuska biyu, ɗaya shimfiɗaɗɗiya, ɗaya kuma mai gangare. Inda su biyun suka gamu nan ne kaifi. Wanda ya wasa gangare kaɗai ya bar shimfiɗaɗɗiyar da tsatsa, rabin aiki ya yi.

DUTSEN WASHI

A nemi dutse mai fuska biyu, mai kaushi da mai laushi. Lalle ya zama shimfiɗaɗɗe. Dutsen da aka daɗe ana wasa wuƙa da lauje a kansa ya kan yi kwari a tsaka, irin wannan ba ya gyara magogi. Maganinsa a zuba rairayi mai laushi da ruwa bisa daɓen siminti, a yi ta goga shi har kwarin ya ɓace. A riƙa ɗiga masa man keken ɗinki ko kananzir. Kada a sa man gyaɗa, gama ya kan daskare ya toshe dutsen. Wanda ba shi da dutse ya manna samfefa bisa gilashi mai kauri, ita ma tana yi.

YADDA A KE WASHI

1. A fara da shimfiɗaɗɗiyar fuska. A kwantar da ita sosai bisa dutse, a danne da yatsu, a goga har wajen inci ɗaya daga kaifi ya yi haske bai ɗaya. Kada a ɗaga bayan ƙarfen. Wannan shi ne mai cin lokaci, amma sau ɗaya a ke shan wahalarsa.

2. A juya gangare bisa dutse mai kaushi. A masana'anta a kan yanke shi a kan digiri 25. Manomi ba ya bukatar ma'auni. In tsawon gangaren ya kusa kaurin ƙarfen sau biyu da rabi, ya yi daidai. In ya fi haka tsawo ƙwarai, kaifin ya yi siriri, zai riƙa ɓantarewa. In ya gajarta da yawa, magogi zai riƙa zamewa bisa katako ba ya ci.

3. A koma dutse mai laushi. A dafa gangaren har a ji ya zauna, kana a ɗaga bayan ƙarfen kaɗan, watau wajen digiri 30. A ƙafe wuyan hannu, a riƙa turawa da jawowa da kafaɗa. Hannun da ke lilo shi ke sa kaifi ya dunƙule. A riƙa zagaya dutsen duka don kada ya ci wuri ɗaya.

4. Bayan ɗan lokaci a shafa babban yatsa a shimfiɗaɗɗiyar fuska, daga baya zuwa gaba. Za a ji wani ɗan leɓe siriri kamar gashi ya lanƙwaso. Wannan leɓe shi ne shaidar washi ya kai ƙarshen ƙarfe. Tilas a ji shi tun daga wannan kusurwa har waccan. Muddin ba a ji shi ba, ko an wuni ana gugar dutse ba a yi komai ba tukuna. Nan ne yawancin mutane ke kuskure, su gaji su tsaya saura kaɗan.

5. A kwantar da shimfiɗaɗɗiyar fuska bisa dutse mai laushi, a goga sau biyar ko shida. Sa'an nan a ja ƙarfen da baya bisa guntun fata, gaba da baya, har leɓen ya fita.

A ɗaga kaifin a duba shi cikin haske. In an ga wani farin layi yana ƙyalli a bakinsa, da saura. Kaifin da ya yi ba ya ƙyalli, kuma zai aske gashin hannu. Yana da kyau a ɗan kashe kusurwoyin nan biyu, don kada su riƙa zana layi a jikin katako.

In ƙusa ta ɓantare kaifin, sai a kai wa mai injin washi. Amma a tsaya a kansa, ya riƙa tsoma ƙarfen cikin ruwa. In bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin duka.

MAYAR DA ƘARFE

A ɗora murfi bisa shimfiɗaɗɗiyar fuska, a turo shi a hankali don kada ya bugi kaifi. In aikin rage kauri ne, a bar tsakaninsa da kaifi inci 1/16. In na ƙarasawa ne, a bar 1/32 ko ƙasa da haka. Itace irin maɗaci, wanda jijiyarsa ke sarƙe, ya kan yage in murfi ya yi nisa, saboda haka a matso da shi sosai. A duba kuma kada haske ya ratsa tsakanin murfi da ƙarfe. In akwai kafa, ɓawo zai cushe a ciki magogi ya shaƙe. A goga leɓen murfin bisa dutse har ya zauna daram.

A mayar da su cikin magogi, gangare yana duban ƙasa. Wannan ma wurin kuskure ne, mutane da yawa su kan kifa shi. A danne mamatsi. In sai an sa ƙarfi ya ke rufuwa, a ɗan sassauta ƙusarsa.

Sa'an nan a juya magogi a hango tafinsa daga gaba, kamar mai duban miƙewar kunya. A murɗa ɗan gargaren da ke gaban mariƙi har kaifi ya leƙo kamar baƙin zare. In gefe ɗaya ya fi fitowa, a karkata ɗan hannun da ke bayan ƙarfe har su daidaita. Na itace kuwa da 'yar guduma a ke yi. A ƙwanƙwasa kan ƙarfe ya fito, a bugi bayan magogin ya koma, kana a ƙara matse itacen da ke riƙe da shi.

A gwada a guntun katako. Ɓawon da ya fito ya zama mai faɗi, marar kauri kamar takarda. Mai gaggawa ya kan fito da ƙarfe da yawa don ya gama da wuri, sai magogi ya riƙa cijewa yana tsalle, katako ya lalace, shi kuma ya jigata. Sannu ba ta hana zuwa.

KIYAYEWA

Kafin a fara aiki a kakkaɓe katako, a cire tsofaffin ƙusoshi. Ƙurar hunturu da yashi su ne manyan abokan gaban kaifi. A bi jijiyar katako yadda a ke shafa gashin akuya. In an ga yana tashi, a juya ta ɗaya wajen. Itace mai tauri irin ƙirya ya kan dakushe ƙarfe da wuri. Da an ji turawa ta yi nauyi, ko ɓawo ya koma gari, a tsaya a wasa. Washi na minti biyar a kan lokaci ya fi na sa'a guda bayan ƙarfe ya mutu.

Wajen karkiya, a fara kashe kusurwoyinta da magogi, a bi da magagari, a ƙarasa da samfefa. A shafa tafin hannu inda wuyan sa zai zauna. Abin da ya soki hannu zai ci wuyan dabba.

In an gama a mayar da kaifi ciki, a shafa mai, a ajiye inda damshin damina ba zai same shi ba. Manomin da ya yi haka tun da rani, ruwan farko zai same shi a shirye. Allah ya kai mu damina lafiya, amin.