Noman Aya da Amfaninta

Aya tsiro ce mai kama da ciyawa, dangin kajiji da ke fitowa a fadamu da bakin tabkuna. Karanta kusurwa uku gare shi, abin da ake ci kuwa ƙwayoyin da take yi ne a ƙarƙashin ƙasa. Mutanen Masar na dā sun noma ta, yau kuma ana nomanta a arewacin Nijeriya, da jihar Maraɗi ta Nijar, har da ƙasar Sifen.

Ko da yake danginta na son ruwa, aya ta fi yi a jigawa mai laushi wadda ke riƙe laima. A ƙasar laka ƙwayoyin kan fito ƙanana, tononsu kuma ya yi wuya. Manomi ya jiƙa irinsa kwana ɗaya ko biyu, ya shuka bayan damina ta kankama, ya sa taki, ya kuma yi noman farko da wuri. Bayan wata 3 zuwa 4 ganyen zai bushe. Sa'an nan a tona, a tankaɗe ƙasar da rariya, a wanke. Aya tana cinye ƙarfin ƙasa, don haka bai kamata a maimaita ta a gona ɗaya kowace shekara ba. Ƙwayoyin da aka bari a ƙasa kuwa za su tsiro baɗi su zama ciyawa mai wuyar kashewa.

Wurin shanya ne manoma da yawa ke yin hasara. Ayar da aka zuba a buhu da sauran danshi takan yi fumfuna, wani irin fumfunar kuma yana haifar da gubar da ke lahanta hanta, wadda wanki ba ya kawar da ita. A shanya a kan tabarma ko siminti, ana juyawa, har sai ƙwayar ta yamutse ta yi ƙarfi.

Ana cin aya ɗanya ko soyayya, ana dakuwa da ita, ana kuma tatsar kunun aya da dabino da kwakwa. Kunun nan ba ya jure zafi, cikin 'yan sa'o'i sai ya yi tsami. Mai sayarwa ta tsince tsakuwa da ruɓaɓɓun ƙwayoyi, ta yi aiki da tafasasshen ruwa, ta wanke goruna da mataci, domin gurɓataccen ruwa shi ne hanyar kwalara da zazzaɓin taifot. Wanda ya kwana ba a cikin sanyi ba, a zubar da shi.