Daga Landan Zuwa Hambug: Bin Sawun Dorugu a Jirgin Sama

Duk ɗalibin da ya ɗauki darasin tarihin rubutun boko ya san sunan Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram wanda Baturen Jamus Heinrich Barth, da mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tafi da shi Turai. A shekarar 1853 ayarinsu ya ratsa Sakkwato da Gwandu, watau maƙwabtanmu mu mutanen Tambuwal, a kan hanyarsu ta zuwa Tumbutu. Bayan sun komo suka ƙetare Sahara suka fita Turabulus, suka isa Landan cikin watan Satumba na 1855. Ba a jima ba Barth ya ɗauki Dorugu da abokinsa Abbega zuwa Hambug, garinsu na haihuwa. Labarin da Dorugu ya bayar daga baya shi ne J. F. Schön ya rubuta, ya fito cikin Magana Hausa a 1885.

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a ɗauki wannan zango guda, daga Landan zuwa Hambug, a duba yadda ɗalibin Hausa na yau zai shirya shi. Dalili kuwa shi ne biranen nan biyu suna cikin manyan wuraren da aka yi wa Hausa hidima a Turai, kuma ba abin mamaki ba ne wani daga cikinmu ya sami gayyatar taro a ɗaya, ransa ya biya masa ya leƙa ɗayan.

Nisa da takarda

Tsakanin biranen akwai kimanin kilomita 720. A zamanin Dorugu tilas a ƙetare teku a jirgin ruwa. Yau jirgin sama yana cin wannan tazara cikin wajen sa'a ɗaya da rabi, kusan abin da mota ke ɗauka daga tashar Tambuwal, a wuce Shagari da Boɗinga, a sauka Sakkwato. Mutumin Kebbe ma ya fi daɗewa a hanya kafin ya ga birni. Saboda haka nisa ba ya cikin abin da zai dami matafiyi. Abin da zai dame shi takarda ce.

Mu nan mun saba mu fita Illela mu shiga Birnin Ƙonni ba wanda ya tambaye mu biza, don haka da yawanmu suna zaton Turai ma ƙasa ɗaya ce, wanda ya shiga ta ƙofa guda ya shiga ko'ina. Ba haka abin yake ba. Jamus tana cikin ƙasashen da suka ɗauke shingen da ke tsakaninsu bisa yarjejeniyar Shengen, wadda aka sa wa hannu a 1985 ta fara aiki a 1995. Ingila ba ta taɓa shiga wannan yarjejeniya ba, har ma ta fice daga Tarayyar Turai a 2020. Ke nan bizar Ingila ba ta buɗe ƙofar Jamus, kuma tun a filin jirgin Landan za a tsayar da mutum, kuɗin tikiti ya tafi ke nan.

Wani wurin da ake yin tuntuɓe shi ne a ce, "Bari in isa Landan tukuna, sai in nema a can." Ƙa'ida ita ce mutum ya nemi bizar Shengen a ƙasar da yake zaune, baƙon mako biyu kuwa ba mazauni ba ne. Lalle ne tun yana gida ya nufi wakilan Jamus da ke Nijeriya, waɗanda ke da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Ikko. Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6 a tashi. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa kwana 45. Kuɗin nema ya koma yuro 90 tun watan Yuni na 2024, kuma ba a mayar da shi ko da an hana. Za a so ganin fasfo mai sauran aƙalla wata 3 bayan ranar fita, da inshorar lafiya ta yuro 30,000, da shaidar masauki, da takardar banki, da tikitin komowa. Ga ɗalibi, a ganina, ba abin da ya kai wasiƙar gayyata daga malami ko sashe na can nauyi, sai kuma wasiƙar shugaban sashensa na gida mai nuna cewa karatu yana jiransa. In kuma daga Landan zai tashi zuwa gida, ya tabbata bizarsa ta Ingila ta ba shi damar sake shiga.

Zaɓen jirgi

Landan tana da filayen jirgi har 6, kuma tikiti yana faɗin wanda za a tashi daga cikinsa. Heathrow yana da jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke kai mutum har ciki. Stansted kuwa yana wajen kilomita 60 daga tsakiyar gari, sau da yawa kuma a irin waɗannan filaye na nesa ake samun tikiti mai araha. Arahar tana da ƙugiya. 'Yar jaka ɗaya da za ta shiga ƙarƙashin kujera ce kaɗai kyauta, akwati sai an biya, kuma jirgin yakan tashi da asuba, lokacin da abin hawa ke wuya. In aka haɗa lissafi sai a tarar araha ba ta yi ado ba. Ɗalibin da ya san zai komo da littattafai ya sayi nauyin kayansa tun farko ta intanet.

Akwai maganar guzuri, wadda take ba mutane dariya har sai ta faɗa kansu. Doka ta hana shiga Tarayyar Turai da nama ko abin da aka yi da madara daga waje, har da wanda aka ɗauko daga Ingila tun 2021. Kilishi da dambun nama da man shanu, duk a cinye su a gida. Sa'an nan agogon Jamus yana gaba da na Ingila da sa'a guda. Da hunturu lokacin Jamus daidai yake da namu, da bazararsu kuwa na Ingila ne daidai da namu. Fam kuma ba ya sayen komai a Hambug, sai yuro.

A Hambug

Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa mai lamba S1 da ke isa babbar tasha cikin kamar minti 25. A bayan tashar unguwar St. Georg take, mai masallatai da kantunan Turkawa, inda ba a wahalar abincin halal. Baƙo ya nemi jadawalin salla tun ranar farko, gama a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa ƙarfe 4 an yi magariba.

Wurin da ya fi dacewa da ɗalibin harshe shi ne Cibiyar Nazarin Asiya da Afirka ta Jami'ar Hambug, kusa da tashar Dammtor. A wannan birni aka kafa kujerar farfesa ta harsunan Afirka a 1909, Carl Meinhof ya fara hawanta. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa a makarantar horar da ma'aikatan mulkin mallaka aka kafa ta, shekara 10 kafin a buɗe jami'ar kanta. Daga baya malamai irin su Ekkehard Wolff, mai littafin nahawun Hausa na 1993, sun koyar a nan. Wanda ke son shiga laburare ya rubuta wasiƙa tun da wuri, don kada ya tarar ana hutu.

Tafiyar 'yan mintoci a ƙasa daga nan akwai gidan adana kayan al'adu da ake kira MARKK, mai kayan Afirka da yawa. A 2022 aka mayar wa Nijeriya mallakar gumakan tagulla na Binin da ke cikinsa. Ba a buɗe shi ran Litinin, don haka mai kwana biyu kacal ya lura da ranar da zai sauka. In lokaci ya rage sai a gangara bakin kogin Elbe a ga tashar jiragen ruwa, da unguwar tsofaffin rumbunan 'yan kasuwa mai suna Speicherstadt, wadda aka gina bayan zuwan Dorugu. Shi dai Ingila ya koma ya zauna wurin Schön, bai sake taka ƙasar Afirka ba sai 1864, ya kuma rasu a Kano a 1912.