Yadda Ake Kafa Uwar Garken Wasiƙun Imel

Duk wanda ya taɓa aika wasiƙa ta gidan waya ya san ba hannu ɗaya ke kai ta ba. Akwai mai karɓa, akwai mai rarrabawa, akwai motar da za ta ɗauka, sannan akwai akwatin da za ta zauna har mai ita ya zo da mabuɗi. Haka al'amarin imel yake. Abin da mutum yake gani a wayarsa tamkar tagar gidan waya ce kawai. Ainihin aikin yana cikin wata kwamfuta mai aiki dare da rana, wadda ake kira uwar garke. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa ma'aikatu da makarantu da kamfanoni yadda ake kafa ta, da kuma hakkin da ke kan wanda ya kafa.

Asalin Al'amarin

A shekarar 1971 wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don ta raba sunan mutum da sunan inda akwatinsa yake. A 1982 Jon Postel ya wallafa ƙa'idar aikawa da ake kira SMTP. An yi mata gyare-gyare, amma har yau a kanta wasiƙun duniya suke tafiya.

Matakan Kafawa

Na farko, suna. Wajibi ne ma'aikata ta yi rajistar sunanta na intanet, wato abin da yake biyo bayan alamar @. A Nijeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunaye masu ƙarewa da .ng, hukumar NITDA kuma ke kula da .gov.ng, wanda aka keɓe wa hukumomin gwamnati.

Na biyu, na'ura. Ana bukatar kwamfuta mai lambar adireshi tsayayya wadda ba ta canzawa, da wutar lantarki marar yankewa. Galibi da tsarin Linux ake tafiyar da ita. A kuma nemi kamfanin da ya ba da layi ya ɗaure lambar da sunan na'urar, domin manyan gidajen imel sukan ƙi karɓar wasiƙa daga lambar da ba ta da suna.

Na uku, sanarwa. A cikin kundin sunayen intanet, wato DNS, ana rubuta wani layi mai suna MX. Shi ne yake gaya wa duniya na'urar da za a kai wa wasiƙun wannan suna. In babu shi, ko an rubuta shi ba daidai ba, wasiƙu suna iya ɓacewa ko su koma wa masu su.

Na huɗu, ma'aikata biyu. Ɗaya manhajar aikawa da karɓa ce, kamar Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998. Ɗayar kuma mai tsaron akwatuna ce, kamar Dovecot, wadda ta fito a 2002. Ita ce take buɗe wa mutum akwatinsa ta ɗayan hanyoyi biyu. Hanyar POP3 takan sauke wasiƙu a na'ura guda, IMAP kuwa tana barin su a uwar garke, don haka mai su yana ganinsu a waya da kwamfuta duka. Ga aikin ofis IMAP ta fi dacewa.

Na biyar, ƙofofi. Kowane aiki da lambar ƙofarsa: 25 tsakanin uwar garke da 'yar'uwarta, 587 ga ma'aikacin da zai miƙa wasiƙa, 993 ga mai karantawa ta IMAP. A rufe duk ƙofar da ba a bukata. A kuma samo takardar shaidar TLS, wadda da ita ake kulle saƙo a hanya, kamar yadda ambulan yake ɓoye abin da ke cikinsa. Wa'adinta yana ƙarewa, saboda haka a riƙa sabunta ta.

Na shida, hatimi. Ƙa'idar SMTP ta asali ba ta bincikar ko mai aikawa shi ne da gaske, kuma ta nan 'yan damfara suke shigowa. Maganin wannan abu uku ne. SPF yana lissafa na'urorin da aka yarda su aika da sunan ma'aikata. DKIM yana buga wa kowace wasiƙa hatimi na lissafi. DMARC kuma yana faɗin abin da za a yi da wasiƙar da ta kasa cika waɗannan sharuɗɗa. Tun daga watan Fabrairu na 2024, Gmail da Yahoo suka wajabta ukun a kan masu aika wasiƙu da yawa.

Abubuwan Lura

Babban kuskure shi ne a bar uwar garke tana aika wasiƙar kowa ba tare da kalmar sirri ba. Masu watsa saƙonnin banza za su gano ta, a sa lambarta a jerin waɗanda ake ƙi, daga nan wasiƙun ma'aikata na gaskiya su daina isa. Tsarkake suna bayan ya ɓaci aiki ne mai wuya. Rigakafi ya fi magani.

Haka nan a riƙa kwafe akwatuna kullum a adana a wani wuri dabam, a kuma gwada maido da su lokaci lokaci. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba abin dogaro ba ne.

Daga ƙarshe, wasiƙun mutane amana ce. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu su, sai ya sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 da samun labari. Don haka ma'aikatar da ba ta da ƙwararren da zai kula da na'urar kullum, ya fi mata ta riƙe sunanta, ta ba amintaccen kamfani aikin riƙon akwatunan.