Sukarin Ganye da Lafiyar Dawa

Ganyen dawa yana haɗa sukari da taimakon hasken rana, kuma a cikin ƙwayoyin halittarsa akwai furotin, wato sinadarai masu isar da saƙo, da ke auna yawan sukarin: TOR yana ba da umarnin girma idan sukari ya wadata, SnRK1 kuwa yana tsagaita girman idan ya ƙaranta. Kariya daga cuta ma da wannan sukarin take aiki. Don haka ya kamata manomin dawa ya rage shuka tun tana ƙarama kada inuwa ta yi yawa ta hana ganye haɗa sukari, ya tuge wuta-wuta, mai tsotse abinci ta saiwa, kafin ta zubar da iri, sannan ya raba takin yuriya kashi biyu, domin yawansa lokaci guda yana tausasa ganye ga ƙwari.