Kafin Aiki Ya Zo, Ka Je Fili

Ɗana, ka gama makaranta, ka yi bautar ƙasa, ka kai takardu duk inda aka ce ana ɗaukar ma'aikata, har yanzu shiru kake ji. Ba zan ce maka ka yi haƙuri in tsaya nan ba, domin wannan ka ji shi daga bakin kowa. So nake mu yi magana a kan wata ɓarna da zaman jira yake yi wa mutum a ɓoye, da yadda za ka tare ta tun kafin albashi ya zo.

Rashin kuɗi kowa yana ganinsa. Abin da ba a gani shi ne yadda mutum yake raguwa a idon kansa. Da farko barcin bayan asuba ne zai miƙe har hantsi, tunda babu inda ake jiransa. Daga nan sai ya fara kauce wa ɗaurin aure da suna, don kada wani ya tare shi da "Yanzu ina kake aiki?" In an yi taron dangi sai ya nemi can baya ya zauna, ana shawara ba ya tofa albarkacin bakinsa, yana ganin wanda ba ya kawo cefane ba shi da ta cewa. To, ranar da Allah ya kawo kiran intabiyu, sai ka ga saurayi mai digiri ya kasa haɗa ido da mai tambaya, murya tana rawa. Ilimin yana nan, bai je ko'ina ba. Sabo da tsayawa gaban mutane ne ya tafi.

Abin da yake tayar da irin wannan mutum shi ne a ɗora masa amana: wani aiki mai lokaci, wanda in bai zo ba za a ji rashinsa, in ya yi kuma za a gani. Wuri mafi kusa da kai da ake samun irin wannan amana, ba tare da hanya ko uban gida ba, shi ne filin wasan unguwarku. Na san da yawa cikin tsararrakina shiririta suka ɗauki ƙwallo. Amma bari ka ji yadda wasu suka mayar da ita makaranta.

A birnin Nairobi na ƙasar Kenya akwai unguwar talakawa da ake kira Mathare, gidajen kwano da laka a cunkushe, kwatoci a toshe, bola ko'ina. A shekarar 1987 wani ɗan ƙasar Kanada mai suna Bob Munro, wanda aikinsa shi ne ba da shawara kan harkar muhalli, ya tarar da yara suna buga ƙwallon da suka ƙulla da leda da igiya. Shi da matasan wurin suka kafa ƙungiyar wasanni ta matasan Mathare, wadda aka fi sani da MYSA. Sharaɗin da aka gina ta a kai shi ne ba a ba kowa komai a banza: ƙungiya za ta shirya muku gasa, ku kuma ku yi wa unguwa wani abu. Sai aka shigar da aikin tsafta cikin teburin gasa. Kulob ɗin da ya fito da shebur da manjagara da baro, ya yashe kwata, ya kwashe shara, ana rubuta masa maki kamar yadda ake rubuta wa wanda ya ci wasa. Wanda ya iya taka leda amma ya raina shara, sai ya wayi gari na bayansa sun wuce shi.

Abin lura a nan shi ne waɗanda suke juya ƙungiyar. Alƙalan wasa, masu horarwa, masu rubuta sakamako da shugabannin shiyyoyi, akasarinsu matasan unguwar ne, wasu ma ba su kai shekara 20 ba. Aikin sa kai da kowa ya yi ana ƙirga masa, waɗanda suka yi fice a taimaka musu da kuɗin makaranta. Da tafiya ta yi tafiya suka horar da matasa su wayar da kan 'yan uwansu game da cutar ƙanjamau, suka buɗe ɗakunan karatu, har suka ba yara kyamara su ɗauki hoton rayuwar unguwarsu, wasu kuma ɗaukar hoton ta zame musu sana'a. A 1992 suka fara gasar 'yan mata, kuma daga cikinsu aka sami Doreen Nabwire, wadda ta je ta buga wa Werder Bremen a Jamus, ta dawo gida ta yi aiki da hukumar ƙwallon ƙasarta. Babban kulob ɗinsu, Mathare United, ya ci gasar lig ta Kenya a 2008, kuma kocin da ya kai su, Francis Kimanzi, a cikin ƙungiyar ya tashi, ya kuma riƙe babbar tawagar ƙasar.

Sai dai kada kofi ya ɗauke maka hankali. Cikin dubban yaran da suka ratsa ta wannan ƙungiya, 'yan kaɗan ne suka ci abinci da ƙafarsu. Abin da mafi yawansu suka fita da shi shi ne sanin zuwa a kan lokaci, iya riƙe littafi, iya tsayawa gaban jama'a a yi bayani, da samun wanda zai ce "na san shi, na ga aikinsa". Wannan ne jarin, kuma shi nake maka kwaɗayi.

Ko ƙasashen da muke ganin sun wadata wannan dabarar suke bi. A Landan, a shekarar 2001, wani likita mai suna Damian Hatton ya kafa ƙungiyar Street League, da farko domin marasa matsuguni, daga baya ta karkata ga matasan da ba sa makaranta kuma ba sa aiki. Sukan tara su na wasu makonni, kullum a raba yini tsakanin fili da aji. A ajin ana koya musu lissafi, da rubuta takardar neman aiki, da yadda ake amsa tambayoyin intabiyu, sannan a nema musu wurin gwajin aiki. Sun gane cewa saurayin da ya daɗe a ɗaki, in ka ce masa ya zo aji ba zai zo ba, amma in ka ce akwai wasa ƙarfe goma, zai nemo takalminsa.

Yanzu dawo gida. A ce ka je wurin masu kulob ɗin unguwarku ka ce a ba ka ƙananan yara, 'yan ƙasa da shekara 13, ka riƙa kula da su. Dubi abin da wasa ɗaya na ranar Asabar zai sa ka yi. Tun ranar Laraba sai ka je ka gaida hedimastan firamare ka roƙi aron fili, ka sanar da mai unguwa. Sai ka bi gidaje ka nemi izinin iyaye, ka tsaya a zaure ka yi wa wani dattijo mai zafi bayani har ya yarda ya bar ɗansa. Sai ka karɓi karo-karon naira ɗari-ɗari, ka rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, ka sayi ruwan leda, ka kai ƙwallo wurin mai faci, ka ajiye canji. Ranar wasa ka riga kowa zuwa, ka tsince kwalabe da ƙusoshi, ka ja layi da toka, ka ɗaura raga. Kafin a take wasa rigima za ta tashi, a ce wancan dogon ya wuce shekaru, kai ne za ka kashe ta ba tare da ka kunyata yaron ba.

In kuma usur aka ba ka, to nan ne babbar jarrabawa. Saura minti biyu a tashi, ƙanen abokinka ya sa hannu a cikin da'ira, 'yan layinku duk sun gani, sun kuma zuba maka ido ko za ka kawar da kai. Ka busa, ka nuna bugun fanareti, ihu ya tashi, wani ya ambaci sunan gidanku, kai kuwa ka tsaya a kan hukuncinka, ba zagi, ba rawar jiki. Wanda ya tsaya a wannan wuri sau goma, mutum uku a bayan teburin intabiyu ba za su firgita shi ba. Ya riga ya san muryarsa tana fita, ya san zai iya yanke hukunci ya kwana lafiya.

Ta yaya wannan yake zama aiki? Ka san a ƙasarmu takarda kaɗai ba ta cika buɗe ƙofa ba, sai da shaida. Mai shago da yake neman wanda zai riƙe masa lissafi, mai makarantar kuɗi da yake neman malamin wasanni, ɗan kwangilar da yake neman mai kula da leburori, masu aikin rigakafi da suke neman wanda unguwa ta yarda da shi, duk tambayarsu ɗaya ce: wa ya san shi? Iyayen yaran nan da kake gaisarwa a zaure, su ne masu shagon, su ne 'yan kwangilar. Wanda ya ga ka dawo da canjin naira hamsin ka rubuta a littafi, ba sai an roƙe shi ya yabe ka ba. Don haka ka riƙe littafinka da kyau: ranar da ka fara, yara nawa, wasa nawa, kuɗi nawa suka shiga, nawa suka fita. In ka shekara, ka roƙi shugaban kulob da mai unguwa su ba ka takardar shaida da sa hannu. Ka sa wannan a takardar neman aikinka, kada ka ji kunya. In an tambaye ka me ka yi tun da ka gama makaranta, kana da amsa mai suna da lamba. In ka ji ana kwas na alƙalanci, ko na horarwa, ko na taimakon gaggawa irin na Red Cross, ka shiga, domin ƙaramar takarda a kan aikin da ka riga ka iya tana da nauyi.

Akwai ramuka a hanyar, gara in nuna maka su. Na farko mafarkin Turai. Gaskiya ne Ahmed Musa ya taso daga Jos, ya yi suna a Kano Pillars, ya tafi ƙetare, har ya dawo ya gina cibiyar wasanni a Kano. Amma irinsa nawa ne? Duk wanda ya zo da sunan ejan ya ce a sayar da gona ko fili a ba shi kuɗin biza, ka guje shi, ka kuma tsare yaran da ke hannunka daga gare shi. Na biyu 'yan siyasa, masu zuwa da jesi mai hotonsu in zaɓe ya matso. Kyauta ba laifi ba ce, amma ranar da aka ce ka kwaso yara a je tarba ko a je jifa, ka ce a'a, domin amanar iyayensu ce a wuyanka. Na uku cacar ƙwallo ta waya, wadda ta cinye samari da yawa. Mai riƙe kuɗin kulob ba ya kusantarta. Na huɗu, kada aikin sa kai ya zame maka wurin ɓuya. Ka yanke masa ranaku da awoyi, sauran lokacin ka ci gaba da neman aiki ko koyon sana'a. In ka ga wasu suna karɓar kuɗi da sunan aikin da kai kake yi, ka yi tambaya cikin ladabi, in ba a gyara ba ka canza wuri. Sannan in an kira salla a tsayar da wasa. Yaran da kake jagoranta abin da ka yi suke kwaikwayo, ba abin da ka ce ba.

Ba lallai sai ƙwallon ƙafa ba. Filin kokawa yana bukatar mai tsara layi da mai rubuta sunaye, haka dambe, haka langa, haka tseren keke. Ƙannenka mata ma suna da rabo: makarantun 'yan mata da yawa ba su da mai koya wa ɗalibai ƙwallon hannu ko ƙwallon raga, kuma wadda ta gama karatu tana zaune a gida za ta iya wannan da yardar iyayenta.

Mu manya kuma akwai namu. Aikin gayya ba baƙo ba ne a wurinmu. Mutanen Nijar suna tuna yadda ƙungiyoyin samariya suka gina azuzuwa suka share garuruwa a zamanin Seyni Kountché. Kuma kowa ya san mai gayya ba ya barin waɗanda suka zo masa da yunwa. Saurayin da ya ba unguwa lokacinsa yana da haƙƙi a kanmu: mu san sunansa, mu rubuta masa shaida, in gurbin aiki ya samu mu fara tunawa da shi. Mu kuma tsaya kada a yanka filayen wasan yara a mayar da su shaguna, domin duk filin da aka rufe, majalisar zaman kashe wando ce take karɓar waɗanda suke zuwa cikinsa.

Saboda haka, ɗana, kada ka jira a kira ka. Wannan makon ka je fili bayan la'asar, ka gaida mai horarwa, ka tambaye shi wane aiki ne ba shi da mai yi. Ko ɗaukar ruwa ne ka karɓa, ka riƙe shi wata uku ba fashi, ba makara. Arziki na Allah ne, shi yake kawo shi a lokacin da ya so; naka shi ne ya same ka a tsaye, mutane sun san ka da riƙon amana. Allah ya buɗa maka, ya ba ka aiki mai albarka, ya sa iyayenka su ci moriyarka.